Rijiya da Masai Ba Sa Maƙwabtaka

Jama'a, duk wanda ya zauna gaban malami ya ji cewa ruwan da launinsa bai sauya ba, ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sauya ba, ya halatta a yi alwala da shi. Haka ne, ba mai ja. Amma halaccin alwala daban, lafiyar ciki daban. Akwai wani sinadari da ake kira naitiret, da ɗan'uwansa naitirait, masu shiga ruwan rijiya ba tare da sun taɓa ko ɗaya cikin abubuwa ukun nan ba. Daga masai suke fitowa, da kwatami, da turken dabbobi, da takin zamani irin su yuriya idan aka zuba fiye da kima. Damina na sauka ruwa ya tsiyaye da su ƙasa, har idon rijiya.

To, ga abin da ya fi tayar wa hukumomin lafiya hankali. In mutum ya sha irin wannan ruwa, ƙwayoyin da ke bakinsa sukan mai da wani kaso na naitiret ya koma naitirait. Shi kuwa in ya isa tumbi, ya haɗu da tsamin ciki da ragowar abinci irin su nama, yana iya haifar da wasu sinadarai da aka tabbatar suna sa wa dabbobin gwaji ciwon daji. Shi ya sa a 2006 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa naitiret da naitirait cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar ga ɗan Adam. A 2018 kuma masana a Denmak suka bi lafiyar mutum miliyan 2.7, suka ga ciwon dajin hanji ya fi yawa ga masu shan ruwan da naitiret ya yi wa yawa, tun bai ma kusa kai miligiram 50 a lita ɗaya ba, wato iyakar da Hukumar ta gindaya. Iyakar naitirait kuwa miligiram 3 ce.

Kada wani ya ce ai zato ne. Ku dubi gara da azara. Maigida na kwance ƙarƙashin rufinsa, yana kallon azara sumul, yana yabon magini, alhali gara ta shekara goma tana ci ta ciki, ba ƙara ba motsi, rani da damina, sai dare ɗaya soro ya rufta a ce ƙaddara ce. Haka ciwon daji yake tafiya. Wanda ya ga alamar gara a gindin bango ba ya jiran sai an kawo masa shaidu.

Abin kunya ne magidanci ya haƙa masai taku biyar daga rijiyar da 'ya'yansa ke sha, wai fili ya yi kaɗan. Mafi muni shi ne mai kai nasa masan jikin katanga, yana sane da rijiyar maƙwabcinsa a bayanta. Wannan cin amana ne, kuma haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa ƙasa banza. Za a tambaye ka.

Sauran a taƙaice. Jaririn da bai kai wata shida ba shi ya fi saurin cutuwa da irin wannan ruwa: naitirait na hana jininsa ɗaukar iska, leɓɓansa su yi shuɗi, don haka nonon uwa kaɗai za a ba shi. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da naitiret, ƙara masa kauri ma yake yi. Alif da tacewa da ƙyalle su ma ba sa cire shi. A bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, a ɗaga bakinta da siminti, a rufe. A riƙa cin lemo da gwaba da tumatir, don bitamin C na rage haɗuwar miyagun sinadaran nan. Masu unguwanni kuma su nemi duba-gari ko hukumar ruwa ta jiha a gwada rijiyoyi da burtsatsai, musamman bayan damina.