Darasin Wannan Wata: In Mota Tana Shan Ruwa, A Nemi Inda Yake Zuba

Masarautar Zuru ƙasa ce ta noma da duwatsu. A ƙananan hukumominta huɗu, wato Zuru da Danko/Wasagu da Fakai da Sakaba, akwai ƙauyuka da yawa waɗanda ba kowace mota ke iya shiga ba. Shi ya sa a-kori-kura irin su Hilux, da Land Cruiser da tsohuwar Land Rover, suke da daraja a wurinmu. Su ke kwaso dawa da masara zuwa kasuwannin Zuru da Ribah da Bena, su ke kai mara lafiya asibiti. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe injin irin waɗannan motoci shi ne yoyon ruwa da aka raina.

AIKIN RUWA A INJI

Inji yana aiki da wuta, ruwa ne ke sanyaya shi. Famfon ruwa ke tura ruwan ya zaga cikin inji ya kwaso zafi, sa'an nan ya bi ta tiyo zuwa lagireto, inda iska da fanka suke huce shi. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Amma murfin lagireto yana matse shi, har ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba. Lafiyayyar mota ba ta neman ƙarin ruwa kullum. Malam direba, in kana ƙara ruwa kowace safiya, to akwai inda yake fita.

ALAMOMI

Allurar zafi tana hawa wajen ja, musamman a hawan dutse da kaya. Ana ganin jiƙa a ƙasa inda mota ta kwana. Tururi yana fitowa daga gaban mota. Ana ganin farin busasshen tabo ko na tsatsa a jikin lagireto ko bakin tiyo.

WURARE BIYAR DA ZA A DUBA

1. Tiyo. Matsa shi da hannu in inji ya huce. In ya kumbura, ko ya tsage, ko ya yi laushi ƙwarai, ya mutu. Duba ƙarfen da ya ɗaure bakinsa, don girgizar hanya tana kwance shi.

2. Lagireto. Tsakuwa ko reshen itace na iya huda shi. Da damina kuma, in aka faɗa rafi da gudu, ruwa yakan lanƙwasa fanka ta daki lagireto.

3. Murfi. In robarsa ta tsage, ruwa zai riƙa tafasa yana zubewa. Wannan shi ne gyara mafi araha.

4. Famfon ruwa. Yana da ɗan rami a ƙasansa. In ruwa yana ɗiga ta nan, ko yana ƙara, lokacin canja shi ya yi.

5. Gasket na kan inji. Nan ruwa ba ya zuba ƙasa, cikin inji yake shiga. Alamarsa farin hayaƙi mai kauri daga salansa, kumfa tana tasowa a bakin lagireto, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. In ka ga haka, kashe mota ka kira makaniki.

YADDA AKE BINCIKE

Da yamma, bayan inji ya huce, wanke laka daga lagireto, ka cika ruwa, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota. Da safe inda kwalin ya jiƙe zai nuna maka ɓangaren da za ka duba. In ba ka ga komai ba, tayar da inji ya yi zafi, domin wani yoyon ba ya fitowa sai ruwa ya matsu. Bi jiƙar zuwa sama, don ruwa gangarowa yake yi. Ka nisantar da hannu da hannun riga daga fanka.

IN ABIN YA SAME KA A DAJI

Tsaya ka kashe inji. Jira aƙalla minti 30. Kada ka buɗe murfi da zafi, tafasasshen ruwa zai watso maka a fuska. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi a inji mai zafi, kan inji na iya tsagewa.

In tiyo ya fashe kusa da baki, yanke wurin ka sake ɗaurewa. In a tsakiya ne, naɗe shi da robar cikin taya ka ɗaure da waya. Cika ruwa, ka bar murfi bai matse sosai ba, ka tafi a hankali kana duban allura. Wannan dabara ta kai ka gari ce kawai. Da ka isa, sayi sabon tiyo, ko ka kai lagireto wurin mai like shi.

GARGAƊI

Wasu suna zuba garin rogo ko ƙwai a lagireto don toshe rami. Yana toshe ramin, amma yana toshe hanyoyin ruwa ma. Ruwan rafi mai laka da ruwan rijiya zalla suna kawo tsatsa. Ya fi kyau a yi amfani da ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a shagon kayan mota. Sai dai guba ne, kuma yana da zaƙi. A ɓoye shi daga yara, kada a bari awaki ko karnuka su lasa.

A watannin Maris da Afrilu, lokacin tsananin zafi, a duba ruwa kowace safiya kafin a tayar da mota. A riƙa tafiya da jarkar ruwa da tiyo na ajiya. Kuɗin tiyo kaɗan ne, gyaran inji kuwa yana iya cinye amfanin gonar shekara. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa ba a buɗe murfin lagireto da zafi?

2. Kawo wurare uku da ruwa ke iya zuba.

3. Me baƙin mai mai kama da shayi da madara ke nunawa?

A tattauna amsoshin a aji, a kuma karanta wa direbobi da yaran mota na garinku.