Ƙosawar Zuciya da Jimiri a Aikin Kiwon Ikilisiya

Akwai wata larura da ke kama masu kiwon ikilisiya, wadda ba safai ake ambatonta a taron fastoci ba, domin wanda ta kama yakan ji nauyin faɗinta, yana tsoron kada a ɗauke ta raunin bangaskiya. Ita ce ƙosawar zuciya, wato mutum ya wayi gari bai yi ridda ba, bai bar addu'a ba, amma wurin da aka ajiye shi ya fita ransa ƙaf, har ya zamana duk wata majami'a da ya ji labarinta ta fi tasa albarka a idonsa. Na gan ta a jikin abokan hidima, na kuma san ɗacinta, shi ya sa na ga ya wajaba in yi wa 'yan'uwana bayani.

Wanda bai zauna Malanville ba zai yi wuya ya gane dalilin da ya sa wannan hali ya fi tsanani a nan. Gari ne na masu wucewa, a bakin kogin Kwara, daura da Gaya ta ƙasar Nijar, kuma galibin mazaunansa Musulmi ne, Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa. Kiristoci kuwa akasarinsu baƙi ne, ma'aikatan hukuma daga kudu da direbobi da 'yan kasuwa, saboda haka sai fasto ya ɓata lokaci yana tarbiyyar mutum, ranar da ya ga ya isa a ɗora masa dattijantaka, ran nan za a ce an yi masa canjin wurin aiki zuwa Kandi ko Kwatano. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, kuma ko da ƙungiyar CEDEAO ta janye takunkuminta a Fabrairun 2024, Nijar ta ci gaba da riƙe nata gefen gadar kogin a rufe, mutane suka koma ketarawa a kwalekwale. Kasuwa ta ja baya, baiko ya ragu, ga labarin hare-hare daga wajen gandun dajin W yana hana barci. A irin wannan yanayi zuciya ba ta rasa hujjar da za ta kawo wa mai ita.

To, amma larurar ta girmi wannan zamani. Wani malamin Kirista mai zuhudu da ake kira Ebagiriyus, wanda ya yi halwa a hamadar Masar ya rasu a shekara ta 399, ya siffanta ta dalla-dalla. Ya nuna cewa da tsakar rana take zuwa, ta sa mai ibada ya riƙa leƙen rana yana ganin kamar ta ƙi tafiya, ta ƙyamatar da shi ga ɗakinsa da aikin hannunsa, ta raya masa cewa 'yan'uwa ba su da ƙauna, sa'an nan ta rufe da waswasin da ya fi kowanne haɗari, cewa ai a wani wuri zai fi bauta wa Allah. A nan ne, a ganina, hikimarsa take, domin ƙosawa takan zo wa fasto sanye da rigar kiran Allah, shi kuwa ba ya iya korar abin da ya zaci umarnin Ubangiji ne.

Alamar da nake bambanta su da ita ita ce, kira na gaskiya yana jure jinkiri da shawara, ƙosawa kuwa gaggawa take so, kuma ba ta son a kai ta gaban dattawa. Don haka nasihata ga duk wanda ya zo mini ita ce kada ya rubuta takardar neman canji a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Afrilu ya hana shi barci, ko a makon da ya yi saɓani da dattawan ikilisiya. Ya jinkirta har damina ta sauka, ya kai maganar ga matarsa da wani fasto da ya girme shi. A tuna cewa lokacin da Annabi Iliya ya gudu jeji yana roƙon mutuwa, abinci da ruwa da barci aka fara ba shi kafin a yi masa magana. Haka kuma surukin Annabi Musa ya hore shi da ya raba nauyin shari'a ga amintattun mutane. Faston da shi kaɗai ke wa'azi, shi ke ziyarar marasa lafiya, shi ke riƙe lissafin kuɗi, lalle yana gayyatar wannan cuta da hannunsa.

Kada kuma a ɗauki jimiri a matsayin taurin kai. Mutum uku ne suka sauka Legas a 1893 da niyyar kawo bishara yankin da a lokacin ake kira Sudan. Biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, suka rasu a 1894, na ukun, Rowland Bingham, zazzaɓi ya mayar da shi gida har sau biyu, kuma sai a 1902 mishan ɗin da suka fara, wato SIM, ya samu wurin zama a Pategi. Ja da baya saboda rashin lafiya ko haɗari na zahiri halal ne, matuƙar da shawarar jama'a aka yi shi.

Roƙona ga shugabannin ikilisiyoyinmu shi ne su riƙa takowa da ƙafarsu zuwa ga masu hidima a bakin iyaka, su kwana a gidajensu, su tambayi matansu halin da ake ciki, su kuma tsara wa kowane fasto hutun shekara tare da wanda zai riƙe masa majami'a har ya dawo.