Fasto, jikinka ma amana ne

Ɗana Fasto, matso kusa. Yau ba kan wa'azinka zan yi magana ba, kan mai wa'azin ne.

Na san yadda aikin yake a ƙasar Dakoro. Masu bi kaɗan ne, kuma a warwatse suke, wasu sai ka yi tafiya mai nisa kan babur cikin rairayi kafin ka iske su. Kai ne mai sujada ranar Lahadi, kai ne mai raka mara lafiya likita, kai ne mai sasanta miji da mata. Da damina kuma kana gona da hauyarka kamar kowa, domin baikon majami'a ba ya cika rumbu. Salularka ba ta hutawa ko da tsakar dare. Duk wanda ya gaishe ka sai ka ce "lafiya lau", alhali idonka ya faɗa.

Koma ka karanta labarin annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19, a hankali, don kanka, ba don shirya darasi ba. Mutumin nan ya yi babban aiki a Dutsen Karmel, amma bai jima ba ya gudu jeji, ya zauna gindin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ikan da aka aiko masa bai tsawata masa ba. Abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashe shi ya ƙara ci. Magana sai daga baya, a Horeb. Can ma da Iliya ya yi kukan cewa shi kaɗai ya rage, aka sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma tura shi ya nemi Elisha. Wannan kukan na kaɗaici na sha jin sa a bakin fastocin ƙasarmu, kuma yana cin mutum fiye da gajiyar jiki. Tun ƙone-ƙonen majami'u na Janairun 2015 a Damagaram da Yamai, akwai waɗanda suke kwana da fargaba ba su taɓa faɗa wa kowa ba. Ka samu ɗan'uwa a aiki, ko a Maraɗi yake, wanda za ka iya ce masa "na gaji" ba tare da jin kunya ba. Maƙwabtanka Musulmi ma, in sun kira ka fada shan shayi, ka je ka zauna a yi dariya.

Zuwa likita kuwa ba raunin bangaskiya ba ne. Mishan ɗin SIM da suka kawo bishara yankin nan su ne suka buɗe asibitin Galmi a 1950, suka kuma kafa na Danja don masu cutar kuturta. Hawan jini ba ya sallama. Ka riƙa zuwa ana auna maka ko ba ka jin komai. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kada ka hau babur da tsakar rana kana azumi. Da damina ka kwana cikin sange, in zazzaɓi ya zo a yi gwaji tun ranar farko.

Sai maganar mai ɗakinka. Tana dafa wa baƙin da ba ta gayyata ba, tana jagorantar zumuntar mata, ba wanda ke tambayar ta gajiya. Kai ne za ka tambaye ta.

Ka tara dattawan ikilisiya ka faɗa musu sarai cewa rana ɗaya a mako ta gidanka ce, Litinin ta fi sauƙi. Ziyarar marasa lafiya da sulhun da bai yi tsanani ba, raba musu, yadda Yetro ya shawarci Musa. Da farko za a yi gunaguni, wani ma ya ce Fasto ya fara sanyi. Ka yi haƙuri da su. In sun saba, su da kansu za su riƙa tare maka ƙofa ranar.