Filin Shawarwari: Bindigar gasata ta daina tara harbi wuri ɗaya

 Ni ɗalibi ne a Ingila, ina cikin ƙungiyar wasan harbi ta garin da nake zaune. Ƙungiya ta ware mini wata tsohuwar bindigar gasa mai ƙotar katako, mai cin harsashin .22, ina harbi da ita a kwance daga mita 50. Da bazara in na yi harbi goma, ramukan kan haɗe wuri guda har kan babban yatsa ya rufe su. Tun da sanyi ya shigo sai suka koma jeruwa daga sama zuwa ƙasa, jefi-jefi kuma ɗaya ya fanɗare ya faɗa can ƙasa. Na wanke bututun tas, abin ya ƙara dagulewa. Harsashina ya ƙare na sayi sabo, amma kamfani ɗaya ne, iri ɗaya. Abokan harbina sun ce bututun ne ya gaji, sai an sa sabo, ga gasa na tafe. Ina mafita?

Naka, mai karatu daga Ingila.

 Ajiye maganar sabon bututu tukuna. Harsashin .22 dalma ce mai laushi da aka shafa wa kaki, albarushinsa ɗan kaɗan ne, shi ya sa ba ya cin ƙarfe. Bututu mai kyau kan harba sama da 50,000 bai gaza ba. Abokanka sun fara da abin da ya fi tsada, alhali shi ya kamata ya zo ƙarshe.

Abu uku suka sauya maka kusan lokaci guda: yanayi, harsashi da wanki. Aikinka shi ne ka raba su, ka gwada ɗaya bayan ɗaya. In ka taɓa biyu tare, ko da ta gyaru ba za ka san wanne ne ya gyara ta ba.

Amma fara da gano ko kai ne ko ita ce. Ɗora ta kan tebur bisa buhunan yashi, da sassafe kafin iska ta taso, ka yi harbi goma-goma kamar sau biyar. Iska ba abin rainawa ba ce: da'irar maki 10 a mita 50 faɗinta milimita 10.4 ne kacal, iska mai gudun mita 4 zuwa 5 a daƙiƙa kuwa tana iya kauda harsashin fiye da santimita 2. Sai dai ita gefe take turawa, naka kuma sama da ƙasa yake yi. In a kan tebur ta tara harbin, to matsalar a jikinka take. Rigar sanyin da ka ƙara a ƙarƙashin rigar harbi ta isa ta sauya ƙarfin bel ɗin da ke riƙe hannunka da inda gindin bindiga ke zama a kafaɗa.

In ta ci gaba da jera ramuka, zare harsashi, ka cire ƙarfen ɗurawa gaba ɗaya, sannan ka juya ta. Akwai notunan da suka ɗaure ƙarfen bindiga da ƙota, kuma nan zargina ya fi karkata. Katako na shan danshi ya kumbura, ya bushe ya motse, kamar ƙyauren katakon da ke cijewa da damina ya saki da hunturu. Bindigar da ke ajiye a ɗaki mai na'urar ɗumama, katakonta na bushewa, notin da aka ɗaure da bazara ya saki ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Nemi sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, ka ɗaure daidai gwargwadon abin da kamfanin bindigar ya rubuta, ban da ƙarfin tuwo. Daga nan zura takarda tsakanin bututu da katako. A yawancin bindigogin gasa ya kamata ta wuce salin-alin har kusa da gindin bututun. In ta maƙale, katako na taɓa ƙarfe, kuma hakan na sauya yadda bututu ke girgiza a kowane harbi.

Batun harsashi kuwa, kamfani ɗaya ba ya nufin abu ɗaya. Duba gefen kwali, akwai lambar rukunin da aka ƙera shi. Rukuni biyu na iri ɗaya kan bambanta a bindiga guda, shi ya sa kamfanin Eley da ke yankin Birmingham da Lapua a Jamus suke da wuraren gwaji, inda ake matse bindigar mutum a gwada mata rukunai da dama a zaɓi wanda ta fi so. Harsashin gasa na tafiya wajen mita 325 a daƙiƙa, wanda ya ɗan yi jinkiri kuma ƙasa zai faɗa. Sanyi na daskarar da kakin, yana kuma rage gudun, don haka kada ka bar kwali ya kwana a mota. Ari rukuni biyu ko uku wurin abokai ka gwada.

Wankin da ka yi bai ɓata komai ba, in dai ta baya ka zura sanda. Bututun da aka wanke yana bukatar harbi 10 zuwa 20 kafin kaki ya sake shimfiɗuwa a cikinsa. Abin da wanki na gama-gari ke bari shi ne zoben baƙin datti mai tauri da ke taruwa daidai inda kwanso ya ƙare, wanda ke kankare dalma tun kafin ta kama hanya. Wannan sai da maganin narkar da shi da ɗan burushi. In kuwa ta baki ka zura sandar, haska leɓen bututun da fitila ka duba da madubin ƙara girma, domin ƙwarzane ɗaya a nan kan karkatar da harsashi.

Tara kwansunan da ka harba ma, ka jera su. Saran da ke gefen gindinsu ya zama mai zurfi, iri ɗaya. In wani ya yi zurfi wani sama-sama, sifirin ƙarfen da ke yin saran ya yi sanyi ko tsohon mai ya daskare a ciki, kuma wannan na kawo irin fanɗarewar da ka ambata. Gyaran leɓen bututu da na kunama aikin maƙerin bindiga ne mai lasisi, kada ka sa musu hannu, balle kayan ƙungiya ne.

Fara da gwajin tebur a makon nan, sai noti, sai harsashi. Wanda bindigar ta karɓa, sayi isasshe mai lamba ɗaya da zai kai ka har bayan gasar, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ka rubuto mana abin da ka gani. Allah Ya ba da sa'a.