Gyambon Ƙafa Ba Jifa Ba Ne

Darasinmu na wannan mako a kan gyambon ƙafa yake, ciwon da kan kai shekara bai warke ba, har mutane su ce jifa ne ko sammu. Sau da yawa laifin jijiyoyin jini ne.

Yadda yake farawa

Zuciya na tura jini zuwa ƙafa, wasu jijiyoyi kuma su dawo da shi sama. A cikin waɗannan jijiyoyi akwai 'yan ƙananan marufai da ke hana jini komawa ƙasa, naman sha-raɓa kuma yana matsa jijiyoyin duk lokacin da muka taka. Idan marufan suka yi rauni, jini ya taru a ƙasa, ƙafa ta kumbura, fata ta yi duhu da ƙaiƙayi. Daga nan ɗan ƙujewa kaɗan ya isa ya zama gyambo, galibi sama da idon sawu ta ciki.

Su wa ya fi kamawa?

Tsofaffi, masu ƙiba, mata masu yawan haihuwa, da masu doguwar tsayuwa ko zama wuri ɗaya. Mu tuna da iyayenmu da ke wuni a rumfunan Kasuwar Kurmi, da marina a Ƙofar Mata, da teloli. Ciwon suga da sikila ma suna kawo gyambo, amma maganinsu ya bambanta, shi ya sa gwaji ya zama dole.

Abin da ake yi a asibiti

Duk ciwon ƙafa da ya wuce mako 2 bai warke ba, a kai shi asibitin sha-ka-tafi na unguwa. Ma'aikacin lafiya zai wanke shi, ya rufe, ya duba ko jini na isa ƙafar sosai. Idan yana isa, babban magani shi ne naɗa bandeji mai matsewa daga tushen yatsu zuwa ƙasan gwiwa, don ya taimaka wa jini komawa sama. Da haka gyambo da yawa kan warke cikin wata 3 zuwa 6. Idan ya gagara, sai a tura mutum Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Abin da za mu yi a gida

1. Mu taimaki mara lafiya ya kwanta ya ɗora ƙafa a kan filo, ta fi ƙirjinsa bisa, sau 3 ko 4 a rana.
2. Ya riƙa 'yar tafiya da motsa idon sawu.
3. Kada a barbaɗa toka, ƙasa ko garin kafso, kada a zuba baƙin mai.
4. Kada kowa ya ɗaure ƙafar da ƙarfi da kansa, domin idan jini ba ya isa, matsewa na iya kashe ƙafar.
5. Zazzaɓi, wari, mugunya ko ƙaruwar zafi na nufin a koma asibiti a ranar.

Gyambo yakan dawo, don haka bayan ya warke a ci gaba da sa safar matsewa da aka rubuta wa mutum. Idan akwai mai ɓoye irin wannan ciwo a gidanku, ku gaya masa abin da kuka karanta, ku raka shi asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.