Idan Waya ta Lalace, Ina Bayanan Cikinta Suke?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Kwanar Ɗangora a ƙaramar hukumar Kiru, yana tambaya: ta yaya zai tsare lambobin abokan cinikinsa da hotunan rasit idan waya ta ɓata ko ta faɗa ruwa?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Yawancin wayoyin da ke hannun jama'a, irin su Tecno da Infinix da Itel, manhajar Android suke amfani da ita. Hanya mafi sauƙi ita ce asusun Google. Shiga saitin waya ka kunna ajiyar kwafi. Ana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ma daga cikinsu take ci, don haka rage bidiyoyi. Duk sabuwar lamba ka adana ta a asusun, kada ka bar ta a kan sim kaɗai.

Wajen maidowa ne mutane ke kuka. Sai da imel ɗin asusun Google ɗin da kalmar sirrinsa, WhatsApp kuma sai da tsohuwar lambarka. Da yawa a shagon caji aka buɗe musu asusu, ba su ma san kalmar ba. Don Allah rubuta ta a littafi, ka ɓoye a gida.

Masu saurarenmu na Doguwa da Tudun Wada, musamman gefen dajin Falgore inda sabis ke wahala, ku riƙa kwafe hotuna a katin memori, sannan ku tura su asusun Google duk ranar da kuka shigo gari.