Awa Nawa Batir Zai Riƙe Gida?

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya zama abin da ake tayarwa sai ta kama dole. Da aka zo Oktoban 2024, jihohin Arewa da dama suka kwashe fiye da mako guda babu wuta saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo ta, mutane suka yi ca a shagunan masu batir da sola. Tambayar kowa ɗaya ce: "Zai kai ni asuba?" Mai shago zai ce har da rara. Gaskiyar magana, batir tamkar randa ne: mai ɗiba da moɗa ya kwana yana sha, mai ɗiba da bokiti ya ga ƙasanta tun kafin lisha.

1. Ku fara sanin abin da ke cikin randar. A jikin batir za ku ga lamba biyu, misali 12V da 200Ah. Ku ninka su: 12 sau 200 ya ba da 2,400. Wannan shi ne adadin wat ɗin da batirin zai iya bayarwa na tsawon awa ɗaya, a takarda. A aikace ba duka ne naku ba. Batir mai ruwa, dogon nan da ake kira tubula, ba a so a sha fiye da rabinsa, in dai ana son ya yi shekaru. Saura 1,200. Ita ma inbata tana cin ladanta wajen juya wutar batir zuwa irin wadda kayan gida ke sha, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Abin da ya rage a hannunku 1,000 ne da ɗan kaɗan. Ku riƙe wannan dubun, da ita za mu yi sauran lissafin.

2. Ku zagaya gida ku tara abin da kowane kaya ke sha. Galibi an rubuta a bayansa, lamba da harafin W. Ƙwan fitila na zamani yana shan wat 10, fankar sama kamar 70, matsakaicin talabijin 50, cajin wayoyi biyu ko uku 20. Gidan da ya kunna ƙwai huɗu da fanka biyu da talabijin, yana kuma cajin waya, yana jan wat 250. Ku raba 1,000 da 250: awa huɗu. An ɗauke wuta da magariba, kafin sha ɗaya inbata ta fara kuka. Amma in aka kashe talabijin da fitilu aka bar fankoki biyu kawai, ana samun kusan awa bakwai. Ƙwai huɗun nan su kaɗai kuwa, sai su kai gobe warhaka. Fitila ba ta da laifi, fanka ce mai cin rabon kowa. Shi ya sa fankar nan ta sola mai shan wat 20 zuwa 30 ta fi ƙarin batir sauƙi: biyu daga cikinta za su kwana suna juyawa, dubun nan ba ta ƙare ba. In har yanzu akwai tsohon ƙwai mai zare, na wat 60 ko 100, a banɗaki ko zaure, ku cire shi yau.

3. Duk abin da ke yin zafi, ku nisanta shi da batir. Dutsen guga yana jan wat 1,000 ko fiye, butar lantarki 1,500 zuwa 2,000, hitar da ake tsomawa a bokiti ita ma ta haura dubu. Gugar kayan makaranta na rabin awa ta lashe rabin abin da za a kwana da shi. Akwai ma ƙarin asara: batir mai ruwa in aka ja shi da ƙarfi ba ya ba da cikakken abin da aka rubuta a jikinsa, domin an auna wannan lamba ne a kan ja a hankali na awa 10 ko 20. Mafi kyau a sa mai haɗa waya ya ware soket ɗin kicin da na guga daga layin inbata gaba ɗaya. Gargaɗin baki ba ya aiki a gidan da ke da yara da baƙi.

4. Firiji yana yiwuwa, amma da dabara. Ba kullum injinsa ke aiki ba, yana tashi yana hutawa, don haka a yini yakan sha 1,000 zuwa 1,500, wato randar nan sukutum. Lokacin tashi kuma yana fizgar ninki uku ko fiye na abin da ya saba, abin da ke sa ƙaramar inbata ta kashe kanta. Uwargida ta cika firiza da robobin ruwa su daskare sa'ad da akwai wuta ko rana, da dare a kashe, a rage buɗe-buɗe. Esi kuwa, ko mai ƙarfin doki ɗaya ne, batir guda ba zai riƙe shi fiye da awa ɗaya da 'yan mintoci ba.

5. Batirin da bai cika ba, lissafinsa daban ne. Nan mutane suka fi ruɗuwa, su ce an sayar musu da jabu. Tubula mai 200Ah da aka sha rabinsa yana bukatar caji na awa shida zuwa takwas. In wutar gari ta leƙo na awa biyu ta koma, da randa rabi za ku shiga dare, kuma barinsa kullum a haka ne ke kashe shi da wuri. Faifan sola mai wat 300 yana iya mayar da kusan abin da aka sha a rana mai kyau. Lokacin hunturu ƙura tana rufe shi, sai an riƙa gogewa da sassafe.

6. Ku nema masa inuwa da iska. An auna rayuwar batir mai ruwa ne a kan zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage kwanansa da kusan rabi. Ku tuna Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna haura 40 a watan Afrilu. Kada a kulle shi a ƙuryar ɗakin kwana, domin yana fitar da iska mai kama wuta in yana caji. A duba ruwansa duk wata ɗaya ko biyu, a ƙara da ruwan batir, ba na famfo ko na leda ba.

7. Kada a haɗa sabon batir da tsoho. Tsohon zai ja sabon ƙasa.

8. Mai hali ya duba batirin litiyom. Ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa, yana caji da sauri, ba ya neman ruwa, yana jure caji da saukewa sau dubbai. Irin wanda ake maƙalawa a bango, mai bayar da wat 5,000 na tsawon awa ɗaya, zai riƙe kayan wat 250 da muka lissafa kamar awa 16. Kuɗinsa da nauyi a tashin farko. A kasuwa kuma akwai waɗanda aka harhaɗa da tsofaffin ƙwayoyin batir aka zuba a sabon akwati, araha kuwa ba ta ado. Ku karɓi takardar garanti mai sunan shago da kwanan wata, sannan a daren farko ku kunna kayan da kuka san watinsu, ku duba agogo, ku ga ko awannin sun yi daidai da lissafi.